Kuwwa da Masu Amsa Ta: Tsaron Gida a Ƙasar Yauri Jiya da Yau

Mu da muka buɗe ido a tsibiran Kogin Kwara kafin a datse shi a Kainji, ba mu saba ganin kwaɗo a ƙofar ɗaki ba. In ka ga kwaɗo, to a jikin akwatin amarya ne, ko a adakar ɗan kasuwan da ke zuwa sarin albasa. Ɓarayi kuwa akwai su, wasu ma sun ƙware, don a dare ɗaya sai a kwance wa mutum kwale-kwale a gangara da shi kudu, ko a yashe masa tarun da ya shanya. Amma duk tsaron da muka sani a wancan zamani a kan abu biyu ya tsaya: a ji motsi da wuri, in kuma an yi kuwwa a samu masu fitowa.

Gidanmu yana kan wani ɗan gungu kudu da Yelwa, inda Gungawa suka fi yawa, sai Sarkawa masunta, sai 'yan gidajen Hausawa irin namu da fatauci ya kawo kakanninsu. Dangar kara ce ta kewaye gidan, ana sabunta ta kowace kaka in an gama yankan gero. Danga ba ta hana ƙato shiga, amma busasshen kara ba ya rufa wa kowa asiri, ko akuya ce ta goga jikinta sai an ji. Ƙofar shiga ɗaya ce, ta zaure, a nan kuma ƙanen mahaifinmu, Baffa, yake kwana a kan buzu, gora a gefensa, mashi jingine da bango. Bayan shi sai karen gida, sai zabin da ke kwana a kan tsamiya. Zabi sun fi kare amana a wannan aiki, domin kare ana iya toshe masa baki da kan kifi, su kuwa ba abin da za ka ba su su yi shiru. A bakin rumbu da wurin ɗaure jirage kuma akan rataya tsofaffin gwangwanaye da tsakuwa a ciki, a ja igiya ƙasa-ƙasa daidai idon sawu.

Kuwwa iri-iri ce, yaro kuma tun bai shiga makarantar allo ba yake koyon bambance su. Ta ɓarawo gajeruwa ce, ana maimaita ta, maza su fito da gora da adda su tare hanyoyin gangara, don a tsibiri ɓarawo ba shi da mafita sai ruwa. Ta gobara mata suka fi ɗaga ta, kowa ya suri tulu ko ƙwarya. Ta ruwa ita ce mai tayar da tsikar jiki. In jirgi ya kife, ko dorina ta taso wa masunta, wanda ke kusa yakan riƙa buga filafili a jikin kwale-kwalensa, bugu mai sauri ba ƙaƙƙautawa, duk wanda ya ji shi ma ya buga nasa. Ƙara kuwa a kan ruwa da dare nisa take yi, sai ka ji tunga tana amsa wa tunga har tsallake.

Ƙarfin kuwwar nan daga wuri ɗaya ya fito: ba mai ikon ƙin amsa ta. Magidancin da aka yi kuwwa bai fito ba, da safe sai mai unguwa ya aika a kira shi, a gaban jama'a ya ce masa, "Malam, lafiya jiya ba mu gan ka ba?" In ba ciwo ne ya kwantar da shi ba, to ya shiga uku. Wasu su ce ragon maza ne, wasu su ce ya san ɓarawon. Irin wannan magana tana iya bin gida har ta hana ɗansa samun mata. Saboda haka mutum yakan fito ko da gaba yake yi da wanda aka shiga gidansa. In an kama ɓarawo a ɗaure shi a ƙofar mai unguwa, gari ya waye a kai shi wurin hakimi, daga nan 'yan doka su wuce da shi gaban alƙali a Yelwa. Zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur ke nan, lokacin da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk suna hannun En'e.

Na ga aikin wannan tsari da idona wata ranar kasuwa cikin hunturu. Kogin yana cika sau biyu a shekara a wajenmu: akwai farin ruwa na damina, akwai kuma baƙin ruwa da ke tasowa tun daga ƙasar Gini ya ratso Mali, ba ya iso mu sai sanyi ya kankama. A cikin baƙin ruwan ne wani jirgi da ya ɗauko mata daga kasuwar Yelwa ya yi karo da dorina mai ɗa, ana dab da sallar isha. Muna cin tuwo muka ji bugun filafili. Baffa ko hannu bai wanke ba. Kafin in kai gangara jirage sun riga sun bar gaɓa, ba wanda ya tsaya tambayar jirgin wa ya hau. Matan da suka rage ba su tsaya kuka ba, sai suka karya dangar gidan da ya fi kusa, suka hura babbar wuta a bakin ruwa don wanda ke iyo cikin duhu ya san inda tudu yake. Sarkin ruwa ya tsaya kusa da wutar. Duk wadda aka tsamo sai ya kira sunanta da ƙarfi, ya tambaye ta wa ke zaune kusa da ita a jirgin. Da haka ya haɗa lissafin mutanen da ke ciki, ya gane saura yarinya ɗaya, ya mai da jirage ruwa. Can ƙasa aka same ta, ta rungume wani masaki da ya kife. Kayan kasuwa kam ruwa ya ci, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Duk sanda na ga tseren jirage a bikin Rigata, ana kiɗa ana tafi, nakan tuna cewa ba don wasa kakanninmu suka koyi wannan saurin tuƙi ba.

Wannan tsari ne kuma ya ba tsofaffi damar zaman kansu. Kakata ta wajen uba ta tsufa har ba ta iya zuwa gangara, amma ta ƙi yarda a haɗa ta ɗaki da kowa. Ɗakinta yana can ƙuryar gida, da murhunta, da daddawar da take sayarwa, da 'yan kuɗinta ƙulle a bakin zane. Ba ta son a riƙa leƙa ta, ba a kuma leƙa ta ɗin, amma ana sane da ita dare da rana ba tare da ta ji an takura mata ba. Da asuba akan saurari ƙarar butarta. Da hantsi akan duba ko hayaƙi ya tashi daga murhunta. Mu jikoki kuma dole kowa ya je ya durƙusa ya gaishe ta kafin ya fita. Mun ɗauka ladabi kawai ake koya mana, ashe Inna, mahaifiyarmu, jira take mu dawo ta ji yadda muryar tsohuwar ta kwana.

Da dare kuwa tana da tasarta. Wata tsohuwar tasa ce da aka daina cin abinci a ciki, tana kife a gefen gado da guntun muciya a kai. Yarjejeniya ce tsakaninta da Inna: bugu ɗaya-ɗaya, ruwa take so ko garwashi; bugu a jere, a zo da gudu. Wani dare ta fito kama ruwa, santsi ya kwashe ta a bakin ƙofa, ƙugunta ya goce, murya ta ƙi fita don zafi. Da jan ciki ta koma ta kai hannu ga muciyar. Inna ce ta fara isa, sai Baffa, kafin alfijir an tsallaka da jirgi an ɗauko maɗori. Da ta samu sauƙi, Inna ta durƙusa ta ce, "Iya, don Allah ki dawo ɗakina, hankalina zai fi kwanciya." Kaka ta ce, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Ai na buga kin zo. Ki bar ni a ɗakina." Aka kuwa bar ta.

Madatsar Kainji, wadda aka fara gininta a 1964, ta tsai da kogin a daminar 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya miƙe sama da kilomita 130, tun daga Kainji har wajen Yelwa. Ya haɗiye tsohon garin Bussa da tsibirai da fadamu masu yawa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka mai da su sababbin matsugunai a tudu, har da mu. Gidajen da muka tarar na siminti ne da rufin asbestos, da ƙyaure mai sakata. Mu yara murna muka yi, muna rufewa muna buɗewa. Manya ne suka fara gane abin da aka rasa. An haɗa tungaye da dama a wuri ɗaya, sai ya zama maƙwabcinka na bayan gida wataƙila mutum ne da ba ka san muryarsa ba, balle ka bambance ihunsa na gaske da faɗansa da matarsa. Bangon siminti da rufaffen ƙyaure kuma suna danne ƙara. Da aka gwada tasar Kaka daga ɗakin da aka ba ta, Inna ba ta ji ba sai da ta fito tsakar gida. Kafin rani ya ƙare Baffa ya kwaɓa ƙasa ya gina wa tsohuwar ɗaki mai rufin ciyawa jingine da na Inna. Gidaje da yawa haka suka yi, har ka ga ɗakin siminti ya koma ma'ajiyar albasa, masu gida suna kwana a na ƙasa.

A kan ruwa ma al'amari ya sauya. Kogin da a da kake hango mutum a tsallakensa ya zama tafki mai faɗin kilomitoci, in iska ta taso yana yin igiyar da matuƙanmu ba su taɓa gani ba. Itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye suka zama kututtura a ɓoye, masu huda cikin jirgi. Bugun filafili ya daina kaiwa gaɓa, da injin ya shigo kuma sai rurinsa ya rufe komai. Jirage suka ƙara girma, fasinja suka ƙara yawa, har ya zama babu sarkin ruwan da zai iya kiran sunayen mutanen da ke cikin jirgi ɗaya.

Da na shiga makaranta a Yelwa cikin shekarun 1970, na tarar da wani salon tsaro. Gwamnatin soja ta riga ta haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan Najeriya, hukunci ya bar ƙofar mai unguwa ya koma caji ofis. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970 ya bar bindigogi a hannun mutane, fashi da makami ya yi yawa har a shekarar aka yi dokar kisa a kansa. Yelwa kuwa a kan babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta nufi Koko da Jega take, ga kasuwar kifi da albasa, kuɗi na yawo. Masu hali suka ɗaga katangar bulo, suka dasa fasassun kwalabe a kai, suka sa ƙarafa a taga da ƙofar ƙarfe mai kwaɗo biyu. Bayan farin 1973 Buzaye da yawa suka gangaro daga Nijar, wasunsu suka kama aikin gadi, sai ka ga mutum da rawani da takobi yana dafa shayi a ƙofar gidan alhaji. Gidan ya tsaru daga ɓarawo, amma mun ga inda ƙarafan nan suka hana masu gida fita ranar gobara, maƙwabta suna waje da bokitai sun rasa ta inda za su shiga.

Talakawan unguwa kuma suka kafa 'yan sintiri. Samari ne da maharba, da tocila da usur da bindigar toka, a ƙofar mai unguwa kuma an rataye tsohon wilin babbar mota da ake bugawa in ta ɓaci. Kowane gida yana biyan wani abu a wata. Sun yi aiki, ba mai musun haka, amma biyan kuɗin ya zo da wata sabuwar magana da ban taɓa ji a gungu ba. Aka yi kuwwa wani dare a unguwar da nake zaune, na miƙe zan fita, sai maigidan da ke riƙona ya ce, "Kai yaro, koma ka kwanta. Ai mun biya kuɗin sintiri." Da safe ba wanda ya kira shi ya tambaye shi dalili, domin rabin unguwar haka suka yi.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ta ɗauki 'yan shekaru kafin ta iso ƙauyukan gaɓar tafki, farkon zuwanta ma sai an hau tudu ake samun sabis. Alherinta ba ya ƙirguwa. Masuncin da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa yana kira a je a jawo shi. Mai naƙuda tana samun ɗan acaɓa da tsakar dare. Inna, wadda zuwa lokacin ita ce tsohuwar gida, ba ta karanta boko, amma ta iya filashin: in ta yi sau ɗaya da safe, ta tashi lafiya ke nan, in ta jera biyu, a kira ta. Sai dai waya tana da nata rauni. Tana bukatar caji, ga shi ƙauyuka da dama a bakin tafkin da ke ba ƙasa lantarki, har a sayar wa Nijar, ba su da wuta, sai a kai waya wurin mai janareta, kafin sola ta yawaita. Babban rauninta kuma shi ne wanda take kira. Tsohuwa in ta ji jiri ɗanta take nema, shi kuwa yana Kaduna ko Legas. Sai labari ya je birni ya dawo kafin maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su ta sani.

Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Ingila ya taɓa kawo mini irin na'urar da tsofaffi ke ratayawa a wuya ko su ɗaura a hannu a can. 'Yar ƙarama ce, madanni ɗaya gare ta. In tsoho ya faɗi a banɗaki ya danna, sai ta tura saƙo ga wani akwati da ke haɗe da layin waya, akwatin ya kira wata cibiya da ake zaune dare da rana. Ma'aikacin cibiyar yana da sunan tsohon da ciwon da ke damun sa da jerin mutanen da za a kira, ya yi masa magana ta lasifika, in bai amsa ba ya tura maƙwabci ko motar asibiti. Wasu irin ma da kansu suke gane an faɗi. Makullin gida kuma yana cikin wani ɗan akwati mai lamba a bakin ƙofa, don kada mai ɗauki ya tsaya a waje. A Amurka wani masanin halayyar ɗan'adam, Andrew Dibner, shi ya kafa kamfanin Lifeline mai yin irin wannan na'ura a 1974 saboda tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Da na gama juya na'urar a hannu na ce wa ɗan'uwan namu ai tasar Kaka ce aka sa wa batir. Bukatar ɗaya ce: tsoho yana son ɗakinsa da mutuncinsa, yana kuma son in ya faɗi a ji. Bambancin shi ne, a can an biya wani ya zauna yana saurare, akwai kuma titi da mota da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu ma muna da lambar 112, wadda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ware don kiran gaggawa kyauta, ya kuma kamata kowane gida ya san ta. Amma wanda ke wata tunga a Ngaski ko Shanga ya san tazarar da ke tsakanin a ɗaga waya da a iso ƙofarsa.

Shekarar 2021 ta nuna mana wannan tazara sau biyu cikin 'yan makonni. Ranar 26 ga Mayu wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 100 ya nutse kusa da Wara. Masunta da matuƙan kwale-kwale ne suka fara kai ɗauki kamar yadda iyayensu suka saba, amma jirgin ya yi nisa da gaɓa, mutanen sun yi yawa, rigar kariya kuma ba kowa ke da ita ba, kwanaki aka yi ana tsamo gawarwaki. Ranar 17 ga Yuni kuma 'yan bindiga a kan babura suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yauri da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda, suka tafi da ɗalibai masu yawa da wasu malamai. 'Yan matan ƙarshe ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato don a raba ɓarayin daji da infomominsu, sai talaka ma ya rasa abin da zai kira ɗauki da shi. A Maris na 2022, a yankin Sakaba na maƙwabciyarmu masarautar Zuru, 'yan sa-kai fiye da 60 suka faɗa kwanton ɓauna aka kashe su. Mutane ne da suka ji kuwwa suka fito, yadda aka tarbiyyantar da mu duka.

A nan ne tsohon tsarinmu ya karye. Kuwwa irin ta zamanin da tana aiki ne domin jama'ar da za su fito sun fi ƙarfin abin da ya taso: ɓarawo ɗaya ne ko biyu, wuta ce a kan jinka, dorina ce. Gora da bindigar toka ba su tarar mutum ɗari masu manyan bindigogi. Saboda haka a ƙauyuka da yawa yanzu in aka buga waya daga gari na gaba aka ce ga su nan tafe, ko aka yi shela a lasifikar masallaci, ba taruwa ake yi ba, watsewa ake yi, wasu su shige daji, wasu su faɗa jirage su tsallaka, wasu su nufi Yelwa. Gargaɗin yana ceton rai, yakan kuma zo da wuri fiye da zamanin zabi. Amma kuwwar da ke cewa a taru tana kawo mutane wurin tsoho, wadda ke cewa a gudu kuwa tana barin sa a ɗaki. Makaho da gurgu da mai jego da tsohuwar da ƙafa ta ƙi, su ne ake tunawa da su bayan an kai tsallake.

Wannan ne ya sa muka sake zama a kan maganar Inna. Mun so ta dawo birni wurin ɗayanmu, ta ce, "Ɗan nan, a nan aka binne uwar mijina da mijina. Ina za ni?" Sai muka yi abin da za mu iya. Aka saya mata waya mai manyan madannai da ƙaramar sola, aka sa lambar farko ta zama ta maƙwabciyarta, tamu ta biyo baya. Aka ba maƙwabciyar makulli ɗaya. Jikanya tana kwana a ɗakin da ke jingine da nata. Ƙarfen tagarta aka mai da shi mai buɗewa daga ciki. Abin da ya fi ɗaukar mu lokaci shi ne samun wanda zai ɗauke ta in an ce a gudu. Muka je wurin wani saurayi mai babur a unguwar, muka yi maganar a gaban mahaifinsa da mai unguwa, ya amsa cewa ita ce kayansa na farko kafin buhun shinkafarsa. Muna ba shi kuɗin mai, amma mun san abin da ya ɗaure shi shi ne ya amsa a gaban mutane.

Tsare hanya da daji aikin hukuma ne, ba wata dabarar cikin gida da za ta ɗauke mata wannan nauyi. Amma akwai abin da unguwa za ta iya yi tun yau ba tare da ta jira kowa ba. Kowane mai unguwa a Yauri da Ngaski da Shanga ya san gidajen da ke da mutumin da ba ya iya gudu. A rubuta su, a sa wa kowane ɗaya sunan mai ɗaukar sa da babur ko jirgin da zai hau, a karanta a masallaci da coci kowa ya ji, matuƙan jirage kuma su riƙa rubuta fasinja kafin su bar gaɓa. Bayan haka mai hali ya sayi ƙararrawa da kyamara da fitilar sola, duk suna da amfani. In kuma abu ya faru, mai unguwa ya dawo da tsohuwar al'adarsa ta kiran mutum da safe a gaban jama'a, ya tambaye shi ina wanda aka damƙa masa.